Ƙanwata bazawara ce mai aiki da ƴaƴa uku: wane taimako ne zai rage mata nauyi?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ƴan'uwa, shawara nake nema a kan al'amarin ƙanwata wadda muke ciki ɗaya da ita. Aurenta ya mutu bara, ta fito da ƴaƴa uku: babbar mace ce mai shekara 11 tana aji biyar a lakwal, mai bi mata namiji ne mai shekara 6, sai autan da bai daɗe da yaye ba. Tana aiki a wani farmasi mai zaman kansa a nan cikin garin Maradi, ita ce mai karɓar kuɗi. Tana fita da safe ba ta dawowa sai la'asar sakaliya, idan kuma makon gadinsu ya zagayo takan kai tsakar dare, wani lokaci ma ta kwana can.

Tun da ta gama idda take zaune a gidanmu na gado, ɗaki guda ita da yaran. Tsohuwarmu tana raye, amma ciwon gwiwa ya zaunar da ita, ba ta iya bin yaron da ya fara gudu, don haka babbar ɗiyar ce ke riƙe da ƙannenta idan uwar ta fita, kuma Allah ya yi mata albarka, yarinya ce mai hankali da ba ta ƙorafi. Uban yaran yana fatauci tsakanin nan da Jibiya. Yakan aiko da abin da ya sawwaƙa idan ya ga dama, sai kuma a yi wata biyu ko uku ba a ji ɗuriyarsa ba. Idan aka yi masa magana sai ya ce tun rufe iyakar Nijar da Nijeriya da aka yi a 2023 kasuwa ba ta sake komawa daidai ba, ga Naira ta karye. Idan aka matsa masa kuwa sai ya ce a tattaro masa ƴaƴansa ya kai wa mahaifiyarsa. Wannan kalma ita ce ke kashe bakin ƙanwata, domin ta gwammace ta ci wuya da a raba ta da su.

A cikin dangi magana ta rabu biyu. Baffanninmu suna ganin ta ajiye aikin ta yi aure tunda akwai masu nema, kuma a cewarsu fitar dare ba ta dace da macen da ba ta da miji ba. Ƴan'uwanmu mata kuma sun ce aikin nan shi ne rufin asirinta, idan ta sake shi ba ta san hannun da za ta faɗa ba. Ni dai abin da nake yi shi ne in kai mata buhun hatsi bayan girbi, in ɗinka wa yaran kayan salla, in biya kuɗin magani idan ciwo ya taso, amma ina kallonta tana ramewa. Ina roƙon waɗanda suka san shari'a da doka, da matan da suka bi ta wannan hanya, su faɗa mini abin da ya wajaba a kan uban yaran, da ko yana da ikon ƙwace su kamar yadda yake barazana, sannan ni a matsayina na kawunsu wane irin taimako ne zai yi mata amfani da gaske.

Uwar Biyu ta rubuta:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya bar zumunci. Ni malamar lakwal ce, kuma ni kaɗai na reni ƴaƴana biyu bayan rasuwar mahaifinsu. A cikin bayaninka akwai wurin da ka wuce da sauri alhali shi ya fi tsaya mini a rai, wato inda ka ce babbar ɗiyar ce ke riƙe da ƙannenta. Yarinya mai shekara 11 da ke goyon yaro, ta ɗora tukunya, ta shirya ƙanenta, ba ta yin shiru don nauyin bai dame ta ba. Ta ga halin da uwarta ke ciki ne ta haɗiye.

Kowace shekara ina da irinta a aji, kuma tun daga bakin ƙofa ake gane su. Sai an gama ɗaga tuta an shiga aji suke isowa da gudu, hijabi yana warin hayaƙi, kaye babu aikin gida, kafin ƙarfe goma kai ya kwanta a kan tebur. Da an fita hutun hantsi sai ta zo ta tsaya a gefena ta ce, "Madam, a ba ni izini in leƙa gida, na bar ƙanena wurin kaka." Ta tafi ke nan sai gobe. Daga fashin yini ɗaya a mako ake komawa biyu, sakamako ya faɗi, ta maimaita aji, sai a samu wani a cikin dangi ya ce ai boko bai karɓe ta ba, gara a yi mata aure. Ta wannan hanya mutuwar auren uwa take zama sanadin auren wuri ga ɗiya, a ƙasar da wani bincike na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jiharmu ta Maradi tana sahun gaba a wannan lissafi. Tun 2017 akwai dokar gwamnati ta kare karatun ƴaƴa mata, amma doka ba ta shiga gida ta karɓi goyo daga bayan yarinya.

Hatsin da kake kaiwa yana da amfani, kada ka daina. Sai dai albashin ƙanwarka yana iya sayen tiya, abin da ba ya iya yi shi ne ya raba ta biyu ta kasance a farmasi da gida a lokaci guda. Saboda haka ku zauna ku tsara mako tun daga Litinin. Idan kana da babur, ka ɗauki nauyin kai yaran biyu lakwal da ɗauko su kullum, ba sai ranar da ka samu sarari ba, domin taimakon da ba a san ranar zuwansa ba mace ba ta iya gina komai a kansa. Autan kuma a nema masa babbar mace a maƙwabta wadda ta gama renon nata, a yanka mata wani abu duk wata, ku ƴan'uwa ku haɗa kuɗin. Na ce babbar mace da gangan, domin abin da muka saba shi ne a aika ƙauye a ɗauko ƴar aiki mai shekara 10 ko 12, a fitar da ɗiyar gida daga wahala a saka ɗiyar wani. A makon gadi yaran su kwana gidanka, amma ka fara neman yardar uwargidanka, domin aikin a kanta zai sauka, kuma idan ba da zuciya ɗaya ta karɓa ba yaran ne za su fara ganewa.

Game da bakin mutane, na san abin da ake faɗa idan bazawara ta sauka daga kabu-kabu ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ƴan fada suna zaune a bakin titi suna dafa shayi. Babu mai tambayar daga ina take, kowa ya riga ya yanke hukunci. Idan kai yayanta ne ke ɗauko ta a irin waɗannan darare, ka rufe bakin unguwa da na baffanninku gaba ɗaya.

Malam na Limanci ya rubuta:

Da sunan Allah. Ɗan'uwa, tambayarka ta farko amsarta a fili take. Ciyar da ƴaƴa, da tufatar da su, da wurin kwanansu wajibi ne a kan uba, ko auren yana nan ko ya mutu, domin saki yana kwance igiyar da ke tsakanin miji da mata ne kawai. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan wanda aka haifa wa ɗan, kuma a Suratuɗ Ɗalaƙ an yi umarni da a biya matar da aka saki ladan shayarwa, sannan kowa ya ciyar gwargwadon wadatarsa. Kukan kasuwa yana iya rage adadin da za a yanka masa, amma muddin yana juya dukiya yana ci daga cikinta, ƴaƴansa suna da rabo a ciki. A mazhabarmu ta Malikiyya wannan nauyi yana kansa har ɗa namiji ya balaga ya iya nema wa kansa, ɗiya mace kuma har ta tare a gidan miji. Uwa ba a wajabta mata ciyar da su ba ko da tana da hali, don haka duk abin da ƙanwarka ke kashewa daga albashinta kyautatawa ce, ba bashi ne take biya ba.

Batun ƙwace yara kuwa, a nan ne al'adarmu ta yi nisa da littattafan da muke karantawa a zaure. Mutane suna cewa da an yaye yaro, ko da ya kai shekara bakwai, sai uba ya karɓe abinsa. Abin da ke cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, shi ne reno bayan saki na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har a yi mata aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta auri wani, renon yana komawa ga mahaifiyarta, sannan ga ƴar'uwarta, wato dangin uwa ne a gaba. Uba yana da haƙƙin ganin ƴaƴansa da sa ido a kan tarbiyyarsu da karatunsu, shi ne kuma waliyyinsu, kuma malamai sun yi magana a kan halin da zai yi ƙaura ta zama zuwa gari mai nisa, amma ba shi da ikon mayar da su makamin hana neman haƙƙinsu.

Sai dai ina jan hankalinka ga abu guda. An sharɗanta wa mai reno amana da iya tsare yaro a wuri amintacce. Idan mutumin nan ya samu shaidu cewa ana barin yara biyu su kwana a hannun yarinya ƙarama da tsohuwar da ba ta iya tashi, to ya samu hujjar da zai tsaya a kanta. Tsarin da Malama ta kawo a sama yana tsare karatun yarinyar, yana kuma tsare haƙƙin renon uwarta.

Aikin da take yi halal ne, kuma ko mai takaba, wadda ke zaman wata huɗu da kwana goma, an yarda ta fita da rana don buƙatarta. Ya tabbata a hadisi cewa mai ɗawainiya da macen da ba ta da miji da kuma miskini yana da matsayin mai jihadi saboda Allah. Mu limamai muna yawan yi wa mata wa'azin haƙuri, ya kamata a riƙa jin muryarmu ranar Juma'a a kan uban da ke ƙara aure alhali ƴaƴansa na fari suna cin albarkacin kawunsu.

Dattijon Sabon Gari ya rubuta:

Na karanta bayanan Malama da na Malam, kuma ban ƙi su ba, amma ina ganin an yi wa baffannin nan rashin adalci. Mu da muka manyanta mun ga ƙarshen irin wannan zama. Yau yayanta yana da ƙarfi yana da babur, gobe nasa iyalin za su ƙaru, ko aiki ya ɗauke shi zuwa Yamai, wa zai ɗauko ta da dare? Mace mai ƙuruciya darajarta ɗakinta, kuma idan aka bar ta shekara biyar tana renon yara, masu neman da ake gani yanzu za su watse. A Kano ma da hukumar Hisba ta fara aurar da zawarawa a 2012, ba don raina su aka yi ba, an ga cewa aure shi ne mafita mai ɗorewa. A nemi mutumin kirki da zai yarda ta ci gaba da aikinta, a sa wannan sharaɗi tun kafin ɗaurin aure, shi ne ra'ayina.

Tsohon Akawun Kotu ya rubuta:

Na yi aiki a kotu har na yi ritaya, don haka zan tsaya a kan doka da takardu. Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. An yi yunƙurin samar da shi a farkon shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011, duka biyun ba su kai ga nasara ba. Abin da ake aiki da shi shi ne ƙa'idar da ke cikin dokar tsarin kotuna, wadda aka fayyace tun a dokar 2004: a shari'ar aure, saki, riƙon yara da gado, alƙali yana bin al'adar masu shari'ar, matuƙar ba ta saɓa wa yarjeniyoyin duniya da ƙasa ta amince da su ba. Yana zama ne tare da masu ba shi shawara kan al'ada, waɗanda a nan yawanci malamai ne. Ma'anar haka ita ce abin da Malam ya kawo daga fiƙihu ana jin sa a zauren kotu, haka nan maganar shekara bakwai ita ma ana jin ta, kuma uban zai iya kafa hujja da ita a kan babbar ɗiyar. Abin da ke rinjayar da alƙali shi ne maslahar yaro, tunda Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara tun 1990. Shi ya sa takardar sakamakon lakwal mai kyau, da karnen asibitin da ya nuna an yi wa yaro rigakafinsa cikakke, suke da nauyi fiye da dogon bayani.

Duk da haka ba na ba ku shawarar ku fara da kotu. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu, don haka ku fara da mai unguwa, idan abin ya gagara ku wuce fadar Sarkin Katsinar Maradi ko wurin malaman ƙungiyar addinin Musulunci. Kuskuren da dangi ke yi shi ne a taru a zaure, mutum ya ce in Allah ya yarda zai riƙa yin ƙoƙari, a shafa fatiha a watse. Ƙoƙari ba adadi ba ne, kuma ba a iya kai ƙarar mutum a kansa. A rubuta jaka nawa zai bayar, ranar nawa ga wata, wa ke biyan kayan lakwal, wa ke biyan magani, yaushe yaran za su je wurinsa hutu, shi da ita da shaidu su sa hannu, sannan a kai takardar sulhun kotu a tabbatar da ita. Da ma'aikaci ne da alƙali zai iya sa a riƙa cirewa daga albashinsa. Tunda ɗan kasuwa ne, ku nemi ya riƙa turowa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana, ta adana rasit, domin ranar da aka koma gaban hukuma lissafin ba zai zama musu ba. Gara adadi kaɗan da zai iya cikawa kowane wata a kan babban adadin da zai biya sau ɗaya ya ɓace.

A abin da na gani, yawancin masu cewa a ba su ƴaƴansu ba su shirya karɓa ba, domin sun san ciyar da yara uku a gida ya fi abin da ake nema a hannunsu tsada, kuma sai sun shawo kan matar da ke ɗakin. Amma kada ku dogara da wannan. Ta tabbatar tana da takardar saki, kuma takardun haihuwar yaran suna hannunta ko kwafinsu da aka buga wa hatimi. Na sha ganin yaron da ya kai ajin jarrabawa sannan aka gano takardarsa tana cikin akwatin uban da ba a magana da shi. Idan ba ta da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimakon marasa hali a harkar shari'a, akwai kuma ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar.

Ta wajen aikinta, ka tambaye ta ko tana da kwantaragi a rubuce, kuma ko an yi mata rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata, domin ta nan ne ake samun kuɗin yara da fansho. Dokar ƙwadago ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako, abin da ya haura haka ana biyansa da ƙari, mafi ƙarancin albashi kuma ya koma jaka 42 tun 2024 bayan ya daɗe a jaka 30 da ɗoriya. Dokar ta ba mai haihuwa hutun mako 14 da awa guda ta shayarwa a kowace ranar aiki har shekara, amma bayan wannan ba ta tanadi wani sassauci na musamman ga uwar da ke reno ita kaɗai ba. Abin da ya rage shi ne fahimtar juna da mai wurin, misali a sauya mata gadin dare da yinin Lahadi idan abokan aikinta sun amince.

Hajiyar Asusu ta rubuta:

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma, ba mu ƙi aure ba, kuma yawancin zawarawan da na sani suna son su koma ɗaki. Amma ku duba abin da Malam ya faɗa: ranar da ta auri wani, renon ya bar hannunta, kakar da zai koma wurinta kuwa ba ta iya tashi. Ke nan ko dai yaran su tafi gidan ubansu hannun matar uba, ko su bi ta su zama agola, kuma ba kowane namiji ne ke ciyar da ƴaƴan wani uku fuskarsa a sake ba. Sharaɗin ci gaba da aiki da kuke cewa a sa, mun ga inda aka sa shi gaban shaidu, wata shida bayan tarewa maigida ya ce ba ya son fitar dare. Auren da mace ta shiga saboda yunwa ba ta da bakin magana a cikinsa, idan kuma ya mutu ta fito da ɗa na huɗu babu aikin. A bar ta ta tsaya da ƙafarta tukuna, sannan ta zaɓa a natse.

Ni shugabar wata ƙungiya ce ta Mata Masu Dubara. Ga wanda bai sani ba, wannan tsari a nan jihar Maradi ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa. Mata ne kimanin 25 zuwa 30 ke haɗuwa mako-mako, kowa ta zuba abin da aka amince a kai, ko da dala ashirin ce, a cikin akwati mai kwaɗo uku wanda makullansa ke hannun mata uku daban-daban. Daga ciki ake ba mambobi rance, a ƙarshen zango a fasa a raba, kuma akwai ɗan asusu na gefe don ciwo, haihuwa da rasuwa. Bambancinsa da adashe shi ne ba sai kin jira kwasarki ta zo ba. Ranar da yaro ya kwanta, a zaman makon nan za ki samu. Mai albashi ma tana buƙatarsa, domin albashi yana zuwa ƙarshen wata, ciwo kuwa ba ya duba kwanan wata.

A ƙungiyarmu kusan babu mai albashi. Akwai mai tuyar awara a ƙofar lakwal, akwai masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, akwai mai wankau. Wasu mazansu sun rasu aka raba gado suka tashi da tumuni, wasu an sake su, wasu kuma da aurensu amma maigida ya tafi biɗa Libiya ko Aljeriya shekaru babu aike, ba su ga tsuntsu ba su ga tarko, domin ba zawarawa ba ne balle a tausaya musu. Abin da muka gano shi ne kuɗin akwati rabin amfanin ne. Sauran rabin shi ne mata huɗu da ke layi ɗaya sun tsara karɓa-karɓar reno, ranar Litinin da Juma'a da ake cin kasuwa ɗaya ta zauna da yaran duka, sauran su kawo mata abincin rana da ɗan abin sabulu. Ƙanwarka ta nemi irin wannan a unguwarku, ko ta fara shi da abokan aikinta.

Sannan ɗana, na ji ra'ayin baffanni, na ji na ƴan'uwa mata, na ji naka, amma a duk bayaninka ban ji abin da ita mai abin ta ce ba. Ka tambaye ta ku biyu, ba a taron dangi ba.

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na zauna da ita kamar yadda kuka ce. Maganar aure ta ce ba yanzu ba, kuma na isar wa baffanninmu cikin ladabi. Kai yara lakwal na karɓa, uwargidana kuma ta amince su riƙa kwana wurinmu a makon gadi, da sharaɗin babbar ta zo da littattafanta ba don ta taya ta aiki ba. Takardun haihuwar biyu daga cikin yaran suna hannun ubansu, don haka za mu sa su cikin abin da za a tattauna gaban mai unguwa, kuma a wurin aikin ba ta da rajistar CNSS, za ta fara tuntuɓar mai wurin cikin lalama.

Abin da ta ce ya fi tayar mata da hankali shi ne damina. Bara autan ya yi ta fama da zazzaɓin cizon sauro, duk ranar da ta kai shi likita sai ta rasa yinin aiki a cire mata, idan kuma ta tafi aiki hankalinta yana gida. Ko akwai wanda ya san yadda ake rage wannan?

Uwar Biyu ta rubuta:

Tunda autan bai kai shekara 5 ba, yana cikin yaran da aka ɗauke wa kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati tun 2006, ko da yake wani lokaci maganin yakan yanke sai an saya a waje, don haka a ajiye wani abu a gefe tun kafin ruwa ya sauka. Yana kuma cikin waɗanda ake ba maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a damina. Masu rabawa suna bi gida-gida da rana, lokacin da uwar ba ta nan, su ba da na ranar farko a gabansu, su bar na kwana biyu a hannun mutanen gida, kuma a nan ake yin sakaci. Ku bar karnensa a hannun matar da za ta riƙa renonsa, a nuna mata yadda ake ba da sauran, a kuma duba gidan sauronsu ko ya yage.

Idan jikinsa ya yi zafi ba dole sai uwar ce za ta kai shi ba. Kai ko uwargidanka kuna iya kai shi da karnen a yi masa gwajin jini a ranar, ita kuma ku kira ta a waya ta ji abin da likita ya ce.